Gaba Ta Kwalta, Baya Ta Daji

Kubwa, Abuja
Alhamis, bayan la'asar

Halifa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin lafiyar da na gan ka da ita ɗazu a tsakar gida kana ɗaure jakunkuna. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ka shiga aikin nan na Gembu, can kan tsauni, da ƙafar dama, ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.

Na san za ka yi mamaki, gida ɗaya muke kwana, me ya kawo wasiƙa. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka, duk bokon da na yi bai sauke mini wannan nauyin ba. Sau uku ina kiranka a makon nan don mu yi magana, sau uku ina ƙarewa da tambayarka ko ka sayi rigar sanyi. To ga ta a rubuce. Ka karanta kafin Asabar, kada ka bari sai ka hau tsauni.

Ka roƙe ni babban babur ɗina, ka ce aikin rijiyoyin burtsatsen nan zai riƙa kai ka ƙauyukan da mota ba ta shiga, na ce na ba ka. Sai ka yi mini tambaya ɗaya: wace irin taya za a ɗaura masa? Na gyara murya na ce zan duba. Halifa, na fi shekara goma ina hawan babur ɗin nan, kuma amsar gaskiya ita ce ban sani ba. Duk lokacin da na ɗauka na gane, sai ƙasa ta nuna mini ban gane ba. Abin da nake da shi kurakuraina ne, su zan ba ka, ka tsinci abin da za ka tsinta.

Na saye shi da tayoyin da ya zo da su, masu sumul ɗin nan na kwalta, masu 'yan siraran layuka. Daga Kubwa zuwa ofis babu abin da ya kai su daɗi, babur yana kwanciya a kwana kamar ya san hanyar tun da. Na ɗauka tunda an ce an ƙera shi don gari da daji, to ko'ina zai shiga. Daminar farko na nufi gonarmu ta Paikon Kore cikin sabuwar jaket da takalmi har ƙwauri, ina jin kaina. Ina sauka daga kwalta na shiga jan lakar nan, layukan suka cike, tayar ta koma sabulu. Ba gudu nake ba. A hankali babur ɗin ya kwanta, da ni da shi, a gaban wasu matan Gbagyi huɗu da suka ɗauko doya a kafaɗa. Suka sauke kayansu suka taya ni ɗaga shi, babbar cikinsu tana cewa, "Sannu oga. Wannan doki naka ya fi ƙarfinka." Ba su yi dariya ba sai da na ba da baya, kuma har yau ina gode musu da wannan karamcin.

Don haka kada girman inji ya ruɗe ka. Duk ƙarar nan da yake yi, abin da ke haɗa ka da ƙasa bai fi tafin hannu biyu ba, ɗaya a gaba ɗaya a baya. In ka ga jan laka tana sheƙi, ka tsaya ka sauka, ka taka ta da ƙafarka tukuna. In ƙafarka ta zame, tayarka ma za ta zame. Kuma in mutanen gari suka ce maka kada ka bi nan, ka bi can, to ka bi can ɗin, ko da taswirar wayarka ta rantse maka.

Da na dawo gida da laka har cikin kunne, sai na yi abin da mai fushi yake yi. Na je na sa aka ɗaura mini masu haƙora gaba da baya, irin waɗanda ka gani a jingine a bayan gareji, masu gaɓoɓi manya-manya. A gona suka yi mini rana, ba zan ci amanarsu ba. Laka, yashi, burji, duk sun tattake. Na ce alhamdu lillahi, na gano bakin zaren.

Ban yi wata guda ba, ina kan titin filin jirgi daidai Lugbe, an yi yayyafi an ɗauke, na buɗe wuta kaɗan. Sai na ji kan babur ya fara rawa a hannuna, hagu, dama, hagu, dama, yana ƙaruwa. Na damƙe shi da iya ƙarfina, ya ƙara. Ga tirela a bayana tana hon. Ban san me na yi ba, Halifa, ina jin salati ne kawai ya sa hannuna ya saki totur da kansa, babur ya lafa. Na gangara gefen titi na zauna a kan dakali, wani mai gasa masara yana tambayata ko zazzaɓi ne.

Abin da na koya daga baya, in kan babur ya fara rawa, kada ka yi kokawa da shi. Ka sassauta hannu, ka matse tanki da gwiwoyinka, ka rage wuta sannu sannu, kuma kada ka kuskura ka cafki birkin gaba. Masu haƙora ba sa son jiƙaƙƙiyar kwalta, ba sa son gudu, kuma in ka taka birki sai sun yi shawara kafin su tsaya. Ga ƙugi da ke shiga har haƙoranka. To ka ga inda aka bar ni: masu sumul sun kayar da ni a daji, masu haƙora sun so kashe ni a gari, kuma ni kullum sai na bi garin kafin in kai dajin.

Sai na shiga tambaya, nan na ƙara ɓata. Akwai rukuninmu na masu manyan babura a waya, yawancinmu ma'aikatan gwamnati ne masu furfura da ke neman abin da zai hana su zama a gida ranar Asabar. Na rubuta tambayata da ladabi. Wani darakta ya ce laifin iska ne, ta yi yawa. Wani likita ya ce a'a, ta yi kaɗan. Wani ya ce akwatunan gefe ne suke kama iska. Wani ya ce in sayi tokumbo, 'yan gwanjon nan na ƙasar waje, sun fi sababbi ƙarko, wani ya ce tokumbo makara ce mai zagaye. Wani ya turo bidiyon Bature yana hawa dutse a ƙasar da ko laka babu. Kowa ya yi magana da tabbaci, kuma daga baya na gano rabinsu ba su taɓa wuce Zuba ba. In za ka nemi shawara, ka fara tambayar mutum inda ya bi jiya, da wane kaya, a wane yanayi. A maganar tokumbo kuwa, akwai lambobi huɗu a gefen kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka duba su. Taya tana iya tsufa ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Yanzu na zo wurin da nake ta kewaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka san aikina. Rabin rayuwata a kwamiti na yi ta, kuma a kwamiti in ɓangare biyu suka ja daga, sai a raba gardama, a ba kowa rabi, a rufe fayil. Haka na yi wa babur. Na ce a ɗaura ta kwalta a gaba don ta riƙe mini titi, mai haƙora a baya don ta tura ni a laka. Na ji daɗin wannan dabarar ƙwarai, har na ba da labarinta a ofis.

A lokacin akwai wani mai faci a bakin layinmu, ƙarƙashin mangwaron nan da aka sare, sunansa Bitrus. Wataƙila ka tuna shi, gajere, mai tabon ƙuna a hannu. Shi kaɗai ne mai facin da na sani da ba ya gwada iska da dukan taya da sanda, yana da ɗan geji kamar biro a aljihun riga. Na kai masa tayoyin. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya dube ni.

"Oga, wannan biyu ba ya zama gida ɗaya," in ji shi. "Na baya zai ce mu tafi, na gaba zai ce ni ban iya ba. Kai ne a tsakiya."

Na ce masa ni na karanta a kan abin, ya yi aikin da aka sa shi. Ya ce, "To, oga." Ya ɗaura, ya sa iska daidai lambar da ke rubuce a jikin babur kusa da sarƙa, ya nuna mini gejin da idona.

Asabar ɗin da ta biyo baya mota tana wurin bakanike, mahaifiyarka kuma tana son ganin doyar da aka haƙa. Kai kana jami'a a lokacin. Na ɗauke ta a baya, ta ɗora hular kwano a kan hijabi tana yi mini tsiya wai ta zama 'yar sama jannati. Da muka kusa gona akwai wani yashi mai zurfi, tayar gaba ta fara yawo, sai na tuna an ce a yashi ana rage iska. Na tsaya na tsuguna, na sami tsinke na danna bakin bawul, gaba da baya. Ban auna ba, ba ni da abin aunawa. Na matsa da babban yatsa na ce ya yi. Kuma ya yi ɗin, mun ratsa yashin lafiya.

Da za mu dawo muka ɗaure buhun doya a can ƙarshen baya, bayan mazauninta. Muka hau kwalta. A hanyar Gwagwalada mun wuce masu faci sun fi biyar. Mahaifiyarka ta taɓa kafaɗata ta ce, "Alhaji, ba za ka mayar da iskar ba?" Na ce hadari ya taso, bari mu isa gida. A wata kwana da ruwa ya kwaso yashi ya shimfiɗa a kan titi, bayan babur ya yi wani irin lilo, gaba ya yi sako-sako, ni kuma na yi abin da na ce maka kada ka yi, na cafki birkin gaba.

Ni ƙujewa kawai na yi. Ita wuyan hannunta na hagu ya karye a wuri biyu. Ka san hannun. Shi ne wanda ba ta iya ɗaukar tukunya da shi, wanda take ɗora wa tsumma mai ɗumi in sanyi ya shigo, wanda take juyawa da wani irin karkace in za ta yi alwala.

Har gobe ban san wanne ne ya kayar da mu ba. Haɗin gambizar tayoyin ne, ko iskar da na sace, ko doyar da na ɗora a inda bai kamata ba, ko yashin, ko hannuna a kan birki? Na juya abin ya fi sau dubu. Wata rana in ce wannan ne, washegari in ce a'a, wancan. Abu ɗaya kawai na tabbata, duk wanda ka ɗauka a cikinsu, hannuna ne a kai.

Amma a asibiti, da kawunka ya tsare ni da ido ya ce garin yaya, sai na ji bakina ya ce mai faci ne bai sa iska daidai ba. Maganar ta fita kafin in kama ta. Kowa ya yi tsaki ya ce ai haka suke. Na ji sauƙi, Allah ya yafe mini. Na maimaita ta ga 'yan dubiya, na maimaita ta a ofis, na faɗa maka kai ma a waya. Da na maimaita ta sosai sai na fara jin haushin Bitrus da gaske. Na tafi rumfarsa ina ɗingishi, 'yan okada cike da benci, na ɗaga murya na ce ya kusa kashe mini mata. Bai yi musu mai tsawo ba. Ya ce, "Oga, na nuna maka geji." Na ce gejin banza. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nasa, kuma nasa ɗin ma babu shi.

Bayan 'yan watanni na ga babu rumfar. Wasu suka ce 'yan okada ne suka daina kawo masa aiki, wasu suka ce masu rusau ne suka tashe su duka. Ban bincika ba, don ban so in sani ba.

Shawarata a nan ba ta taya ba ce kaɗai. In ka rage iska don yashi, ka mayar da ita kafin tayarka ta taka kwalta, ko da sama za ta faɗo. Kaya mai nauyi ya zauna ƙasa-ƙasa kusa da tsakiya, ba can a wutsiya ba. Kada ka haɗa tayoyin da ba a yi su don juna ba. In kuma ka faɗi, kuma za ka faɗi, kowa yana faɗuwa, to ka tashi ka dubi hannunka kafin ka dubi na wani. Ƙaramin mutum ya fi sauƙin ɗora wa kaya, shi ya sa ake ɗora masa.

Ranar da ka roƙi babur ɗin, bayan ka fita, mahaifiyarka tana ninke kaya ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "In za ka ba shi babur, ka haɗa masa da gaskiyar." Na ce wace gaskiya. Ta ce, "Alhaji, ni fa ina tsaye a kanka ranar. Ni na miƙo maka tsinken." Shekara shida, Halifa. Tana zaune a gadon asibiti ta ji ina faɗa wa yayanta ƙarya, ta rufa mini asiri, ba ta taɓa tayar da zancen ba sai da ta ga ɗanta zai hau. Na rasa inda zan sa fuskata.

Tun Litinin nake fama da gareji. Na sa an ɗaura masu haƙora, na tuna daga nan zuwa gindin tsauni kwalta ce ta yini guda, na sa an cire. Na sa masu sumul, na tuna damina da jan ƙasar can sama, na sa an cire. Yaran shagon da nake kaiwa suka fara kallona kamar mai taɓin hankali. Jiya na ajiye girman kai na shiga tambayar tsofaffin 'yan okada, har wani ya ce Bitrus yana Lugbe, can ciki bayan kasuwa. Na ɗora wilolin babur biyu a but ɗin mota na tafi.

Ya yi furfura. Ya gane ni tun kafin in rufe ƙofar mota. Na shirya jawabi tun daga Kubwa, mai gabatarwa da kammalawa, amma da na tsaya a gabansa abin da ya fito shi ne, "Taya nake so a zaɓa mini."

"Wa zai hau?"

"Ɗana."

Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya goge tafinsa a wando. Ya shiga yi mini tambayoyi a kanka, waɗanda ni ban taɓa yi wa kaina ba. Ina za ka? Kwalta nawa, daji nawa? Kana da jiki ko siriri ne kai? Za ka riƙa ɗaukar mutum? Da damina za ka fi yawo ko da rani? Ka iya faci da kanka? Wasu kaɗai na iya amsawa, na ji kunyar yadda ban san ɗana ba. Daga nan ya raka ni wani shago ya zaɓi biyu 'yan gida ɗaya, irin rabi-da-rabin nan, masu gaɓoɓi amma a matse. Na ce masa an ce irin waɗannan ba su ƙware a ko'ina ba.

"Gaskiya ne, oga," in ji shi. "A titi ba zai kai mai sumul ba, a laka ba zai kai mai haƙori ba. Amma ba zai yi masa ƙarya ba. In zai zame, zai gaya masa tukuna. Sauran, shi ne zai rage gudu."

Ya ɗaura su da hannunsa, ya duba kibiyar da ke nuna inda taya ke juyawa sau biyu, ya ce in gaya maka sabuwar taya tana da santsi, ka lallaɓa ta kwanakin farko. Ina tsaye ina ta haɗa kalmomi a baki. Da ya gama ya ɗago ya ce, "Yaya hannun Madam? Ya warke?"

Na ce da sauƙi. Abin da na iya cewa ke nan. Ya zaro gejin nan daga aljihunsa, ban sani ba ko shi ne na da ko wani ne, ya sa mini a hannu. "Ba yaro. Kowace safiya ya auna, kafin taya ya yi zafi. Kar ya gwada da yatsa." Na shiga mota na kai kusan rabin hanya kafin in lura ban ma yi masa sallama ba.

To Halifa, ka tambaye ni wace taya, ga su nan a ɗaure. Ko su ne daidai, wallahi ban sani ba. Wataƙila ka hau tsauni ka ce da masu haƙora aka sa, wataƙila ka gode wa Allah da ba a sa su ba. Abin da na sani shi ne hannun da ya ɗaura su ya fi nawa gaskiya. Gejin yana cikin ambulan ɗin nan, shi ne abin da ka ji yana motsi.

Ga roƙona ɗaya. Ranar Asabar in ka gama ɗaure kayanka, za mu bi ta Lugbe. Na san ba hanyarka ba ce, na san zai ci maka lokaci. Bitrus ya ce yana so ya auna iskar da kayan a kai, kai ma kana zaune. Ni zan biyo ka a mota tare da mahaifiyarka. Za mu isa da hantsi, lokacin da bencinsa yake cika da 'yan okada, don a gaban irinsu na yi maganar farko, a gabansu ya kamata in yi ta biyu. In ka ga na fara kame-kame ina zancen rigar sanyi, ka tsaya a nan kada ka tayar da babur sai na faɗa.

Allah ya kiyaye ka a kwalta da laka, a hawa da gangara. Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin gaggawa, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba. Ka riƙe salla, ka riƙa kiran mahaifiyarka in ka sauka. Na ba wa Allah ajiyarka, shi da ajiyarsa ba ta ɓata.

Mahaifinka.